Yadda Ake Tsara Tallafin Dangi da Unguwa ga Uwar Yaro Mai Galahanga a Kaduna

Uwar da ke rainon yaro mai lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, ba ta rasa masu yi mata sannu, ba ta kuma rasa masu ba ta shawara. Abin da take rasawa shi ne wanda zai riƙe mata yaron na awa uku ta samu ta runtsa, da wanda zai raka ta asibiti ya riƙe jaka yayin da take fama da yaron a kan layi, da wanda zai tsawata wa mai cewa ita ce ta sangarta shi. Irin wannan taimako ba ya zuwa don kansa ko da a cikin dangi masu zumunci, domin yawancin mutane ba su san abin da ake bukata ba, ita kuma kara da gajiya sun hana ta roƙo. Sai an zauna an tsara shi, an san wa zai yi me, a wace rana, daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa. Don haka wannan bayani ya shafi uwar, amma ya fi shafar maigidanta da 'yan'uwanta da surukanta da maƙwabta, domin su ne za su aiwatar da mafi yawansa.

Galahanga bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwar yaro ke girma, wanda ke shafar magana da cuɗanya da mutane da yadda yake jin ƙara, haske, taɓawa da ɗanɗano. Alamunta kan bayyana kafin yaro ya cika shekara 3, kuma an fi gano ta a cikin yara maza. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a shekarun baya shi ne kusan yaro 1 cikin 100, ma'ana da wuya a samu unguwa irin Rigasa ko Tudun Wada ko Sabon Tasha da babu irin waɗannan yara da yawa a cikinta, sai dai an kulle su a gida. Babu ƙwaya ko allura da ke warkar da ita. Abin da ke kawo ci gaba shi ne horo na yau da gobe, wanda galibi a hannun uwa yake, kuma aiki ne na shekaru. Saboda haka tallafin da zai amfane ta shi ne wanda mai yin sa zai iya ɗorewa a kai, ko da kaɗan ne.

Matakin farko: a samo bayanin likita a rubuce

Muddin ba a san sunan abin da ke damun yaro ba, kowa a gidan zai sa masa nasa. Kaka za ta ce nauyin baki ne, ai babansa ma sai da ya shekara uku ya yi magana. Goggo za ta ce iska ce, maƙwabciya ta ce baki ne ya kama shi tun ranar suna, wani ya ce kurma ne, dangin miji kuma su ce rashin tarbiyya. Kowane suna yana jan kuɗin gidan zuwa wata hanya dabam, kuma mafi yawansu a kan uwar suke sauka. Takardar likita ita ce abu na farko da ke sauke mata wannan zargi, shi ya sa na sa ta a gaba.

Alamun da ya kamata su sa a tashi tsaye sun haɗa da yaron da ya shekara ɗaya ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, alhali yana jin motsin ledar biskit daga wani ɗaki. Wanda ba ya nuna abu da yatsa don a gani tare da shi. Wanda ya kai wata 16 babu kalma ko ɗaya, ko ya shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu. Da kuma wanda ya fara magana sannan ta ɗauke. Sau da yawa za a ga yana jera takalma ko murafan kwalba na tsawon lokaci, yana kaɗa hannuwa, yana toshe kunne da kururuwa idan an tayar da janareta ko injin markaɗe. Ba a jira a ce bari ya shiga makaranta a gani.

A Kaduna ana iya farawa daga asibitin unguwa a karɓi takardar turawa, ko a nufi sashen yara na Asibitin Koyarwa na Barau Dikko. A nemi gwajin ji tun da wuri, domin rashin ji ma yana hana magana, kuma an yi sa'a Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a cikin garin Kaduna take. Daga nan akan tura yaro wajen likitocin ƙwaƙwalwa, kamar a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ga mutanen Zariya da kewaye. Iyalai da yawa suna turjewa da zarar an ambaci Barnawa, suna cewa ɗansu ba mahaukaci ba ne. Gaskiya ne ba mahaukaci ba ne, amma likitocin da suka karanci girman ƙwaƙwalwa da ɗabi'un yara a irin wannan asibiti ake samun su, kuma shekarar da aka ɓata ana gudun abin da mutane za su ce, yaron ne ya yi asararta.

Ranar ganin likita manya biyu za su tafi, zai fi kyau uwa da uba, domin ɗaya ya kula da yaro ɗaya ya saurari bayani. A ɗauki katin rigakafi, da abincin da yaron ya saba ci, da kayan canji, da gajerun bidiyo da aka ɗauka a waya a gida, domin yaro ba lallai ya nuna halinsa a cikin minti goma na ɗakin likita ba. A rubuta tambayoyi tun daga gida, a kuma faɗi duk abin da ya shafi barci, taurin bayan gida, tsirfar abinci da sumewa ko kafewar ido, domin farfaɗiya takan haɗu da galahanga, ita kuma tana da magani. Kafin a fito a roƙi rahoto a rubuce, a yi kwafinsa, a ajiye na asali a wuri ɗaya.

Mataki na biyu: zaman iyali, kuma maigida ne zai yi magana

A nan ne al'amura suka fi gyaruwa ko lalacewa. Idan matar ce ta je ta yi wa uwar mijinta bayani, za a ɗauka tana kare kanta ne. Idan ɗan gidan ne ya durƙusa gaban mahaifiyarsa ya faɗa, maganar takan zauna. Don haka kada a bar wa uwar wannan aiki. Maigida ya fara samun mahaifansa su kaɗai, cikin ladabi, da magana mai sauƙi kamar haka: “Hajiya, mun kai shi asibiti, likita ya duba shi, ga takardar. Ya ce haka Allah ya halicce shi, ba laifin mahaifiyarsa ba ne, ba kuma laifin kowa ba. Abin da muke roƙo shi ne ku ci gaba da sa mana albarka, kuma ku taya mu tare masu kawo magunguna.” Dattijuwar da aka ba wannan matsayi takan koma mai tsaron surukarta, maimakon mai tuhumarta. Idan babu miji, ko ya ƙi, sai a nemi wan matar ko kawunta ko wani dattijo da ake jin maganarsa a ɓangarorin biyu.

Bayan haka sai a tara waɗanda ke mu'amala da yaron kullum, wato abokiyar zama idan akwai, da facaloli, da ƙannen miji, da manyan yaran gida. Akwai tambayoyi uku da kusan tabbas za su taso, kuma ya kamata a shirya amsarsu.

Ta farko ita ce ko wani abu uwar ta yi, ko ta ƙi yi. Wannan zargi ba a ƙasar Hausa aka fara shi ba. Bayan da likita Leo Kanner ya yi bayanin lalurar a Amurka a 1943, an shafe shekaru wasu masana suna cewa rashin nuna ƙaunar uwa ne ke jawo ta, aka cutar da mata da yawa da wannan magana kafin bincike ya rushe ta. Abin da aka tabbatar a yau shi ne gado yana da babban kaso a ciki, kuma gado daga ɓangarorin biyu yake zuwa, don haka maganar “a danginmu babu irin wannan” ba ta da wurin zama.

Ta biyu ita ce ko allurar rigakafi ce ke jawo ta. Jita-jitar ta samo asali ne daga wani rahoto da wani likita ya wallafa a wata mujallar likitoci a Ingila a 1998 a kan yara 12 kacal, wanda mujallar ta janye a 2010, aka kuma soke lasisin likitan. Manyan bincike da aka yi a kan dubban ɗaruruwan yara ba su sami wata alaƙa ba. Abin da ke rikita iyaye shi ne alamun galahanga suna fitowa ne a daidai shekarun da ake yin alluran. Kada wannan ya sa a hana ƙannen yaron rigakafin ƙyanda.

Ta uku ita ce ta aljanu da sammu, kuma ita ce ta fi bukatar hikima, domin ba a cin nasara a kanta da gardama. Addu'a da tofi da karatun Alƙur'ani, ko addu'ar coci ga iyalan Kirista, ba sa karo da asibiti, kuma suna kwantar wa iyaye hankali. Abin da ya kamata iyali su yi yarjejeniya a kai shi ne iyaka: ba za a doki yaro da sunan fitar da iska ba, ba za a ɗaure shi ba, ba za a rufe shi da hayaƙi a cikin bargo ba, ba za a yi masa tsaga ba, ba za a ɗura masa jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, ba za a kai shi wani gari a bar shi a hannun mai magani ba, kuma uwa ba za ta sayar da gadonta ko ɗan kunnenta don biyan wanda ya yi alkawarin yaro zai yi magana cikin kwana bakwai ba. Yaron da ƙarar injin markaɗe ke firgita shi, a yi tunanin abin da zai ji idan ƙarti sun danne shi ana yi masa ihu a kunne. Idan aka samu liman ko malamin da iyali ke girmamawa ya faɗi wannan iyaka da bakinsa, uwar ta huta da jayayya da kowace baƙuwa.

A wannan zama kuma a hana kiran yaron da sunaye irin su dolo, gaula ko wawa, ko da wasa. Da yawa daga cikin waɗannan yara suna fahimtar abin da ya fi wanda suke iya faɗa, uwar kuma tana jin kowace kalma.

Mataki na uku: a rubuta makon uwar, a raba shi

A ɗauki takarda a zauna da ita a rubuta yadda kwana bakwai ɗinta suke, daga asuba zuwa asuba: ƙarfe nawa yaron ke barci, sau nawa yake tashi, wa ke yi masa wanka da tsarki, wa ke girki, wa ke kai sauran yara makaranta da Islamiyya, yaushe rabonta da zuwa gidansu. Mazaje da yawa sai a wannan takarda suke fara ganin cewa matar ba ta samun barcin awa huɗu a jere. Daga nan sai a fitar da ayyukan da wani zai iya ɗauka, a sa wa kowanne sunan mutum.

“Idan kina bukatar wani abu ki faɗa” magana ce mai daɗi da ba ta haifar da komai, domin ba za ta faɗa ba. Mai son taimako ya zo da tayinsa a hannu: zan yi cefanen Asabar, zan ɗauko yara daga makaranta ranar Litinin da Laraba, zan biya kuɗin keke duk ranar asibiti. Ita ma uwar ta koyi roƙo mai iyaka, wanda ba ya nauyi a baki kuma ba ya tsorata wanda aka roƙa: “Yaya, don Allah ranar Alhamis ki zo bayan azahar ki zauna da shi zuwa la'asar, in ɗan kwanta.” Abu na farko da za a nema mata shi ne barci. Idan yaron mai tashin dare ne, maigida ya ɗauki wasu darare a mako, ko a ƙalla ya karɓe shi bayan sallar asuba zuwa lokacin fitarsa. A gidan da ake rabon kwana, ya kamata a tattauna wannan a fili da abokiyar zama, domin lalurar yaro ba ta san ranar girki ba.

Ba a kawo mai riƙo a miƙa mata yaron rana ɗaya a fita, domin sauyi na ba-zata shi ne abin da ya fi tayar wa waɗannan yara hankali, kuma idan ranar farko ta yi muni mai taimakon ba za ta dawo ba. Ta fara zuwa tana zama uwar na nan, sau biyu ko uku. Sannan uwar ta shiga ɗaki na minti goma sha biyar, sannan ta fita maƙwabta na rabin awa, a riƙa ƙarawa a hankali. A rubuta takarda ɗaya a liƙa a bayan ƙofa, mai ɗauke da abin da yake ci da wanda ba ya ci, da kofin da yake yarda ya sha ruwa da shi, da yadda yake nuna yana jin fitsari, da abin da ke firgita shi, da abin da ke kwantar masa da hankali, da lambobin waya biyu. A nuna wa mai riƙon abin da za ta yi idan ya birkice: ta kashe rediyo, ta sallami 'yan kallo, ta janye abin da zai ji masa rauni, ta rage magana, ta zauna kusa ta jira ya lafa. Wannan birkicewa ba taurin kai ba ce, abubuwa ne suka yi wa ƙwaƙwalwarsa yawa, kuma duka ƙara ta yake yi.

Masu riƙo su kai biyu ko uku, don kada tsarin ya rushe ranar da ɗaya ta haihu ko ta yi tafiya. Akwai kuma kuskuren da nake roƙon iyalai su guje masa, wato ɗora wa babbar 'yar gidan rainon har ta riƙa fashin makaranta. Yarinya 'yar shekara goma sha biyu za ta iya wasa da ƙaninta, amma ba ita ce za ta zama uwa ta biyu ba.

Mataki na huɗu: a sanar da unguwa

Ɓoye yaro yana ƙara haɗari. Da yawa daga cikin yara masu galahanga suna sulalewa su fita ba tare da sanin haɗari ba, kuma ruwa yana jan hankalinsu. A garin da kogi ya ratsa, ga kududdufai da manyan kwatoci da ke cika da damina, ga rijiyoyi a tsakar gida, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A yi wa rijiya murfi mai kwaɗo, a sa sakata a saman ƙyaure inda hannunsa ba ya kai, a daina barin ruwa a buɗaɗɗen baho. Sannan maigida ya gabatar da yaron ga mai unguwa, da liman, da mai shagon bakin layi, da mai shayi, da masu keken da ke tsayawa a kusa, ya ce musu idan sun gan shi shi kaɗai su riƙe shi a hankali su kira. A ɗinka lambar waya a cikin rigunansa, a kuma riƙa ajiye sabon hotonsa a waya. Idan ya ɓace, wuraren ruwa ake fara dubawa.

Sanarwa ba ta nufin a sake shi ga kowa. Yaron da ba ya magana ba zai iya faɗin abin da aka yi masa ba, kuma masu lalata da yara sun san haka. A taƙaita waɗanda ke keɓewa da shi ko yi masa wanka, mace ce ko namiji, kuma duk wani sabon tsoro ko rauni da ba a san dalilinsa ba a bincika.

Mataki na biyar: a haɗa ta da iyaye mata irinta

Duk ƙoƙarin dangi, akwai abin da sai wadda ke ciki ce za ta gane, kamar yadda uwa ke ji ranar da aka ce ta daina zuwa da yaron biki, ko ranar da ya kira ta Mama karon farko yana ɗan shekara shida. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Wurin da ya fi sauƙin samun irin waɗannan mata shi ne bencin jiran likita da ƙofar makarantun yara masu bukata ta musamman. A tambayi nas ko jami'in walwala na asibiti ko akwai ƙungiyar iyaye da ke zama. Idan babu a kusa, mata huɗu ko biyar sun isa su fara, kuma makarantar Islamiyyar matan aure ko zumuntar mata ta coci za ta iya ba su aron ɗaki. Lalurar ba ta bambance mazauna Kawo da na Kakuri ba, don haka bai kamata ƙungiyar ta bambance ba.

Zama sau ɗaya a wata ya wadatar, na awa biyu, a wurin da ke da katanga da ƙofa, tare da 'yan mata biyu da za su kula da yara don iyayen su samu yin magana. Kowace ta faɗi abu ɗaya da ya yi sauƙi a watan da abu ɗaya da ya gagara, sauran su faɗi abin da suka gwada. A nan ake koyon abubuwan da likita ba shi da lokacin koyarwa: yadda ake saba wa yaro da fo, wane mai aski ne ke da haƙurin yi da almakashi maimakon inji, wace makaranta ce ke karɓa da gaske, yadda ake liƙa hotunan kofi da abinci da banɗaki a bango don yaro ya nuna abin da yake so. Lokaci-lokaci a haɗa kuɗi a gayyato mai koyar da magana ko malamin ilimi na musamman ya koya wa kowa a zama ɗaya, abin da zai yi wa mace ɗaya tsada. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da darussan horar da masu rainon yara 'yan shekara 2 zuwa 9 masu jinkirin girma, waɗanda ta sa a intanet kyauta a 2022, kuma wadda ke jin Turanci a cikinsu za ta iya bi ta fassara wa sauran.

Zauren WhatsApp yana da amfani tsakanin zama da zama, musamman da tsakar dare, amma sai da doka. Abin da aka faɗa a ciki ba ya fita, ba a tura hoton ɗan wata ba da izininta ba, ba a tallar magani, kuma ba a gwada yaro da yaro, domin wani zai yi magana har ya yi karatu mai zurfi, wani kuma zai bukaci kulawa duk rayuwarsa, kuma wannan bambanci ba ma'aunin ƙoƙarin uwa ba ne. Ranar 2 ga Afrilu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa wannan lalura tun 2007, dama ce ta roƙon liman ko fasto ko gidan rediyo su yi magana a kai.

Mataki na shida: kuɗi, makaranta da hukuma

A rubuta abin da ake kashewa a wata, wato kuɗin mota, famfas, magani idan akwai, kuɗin makaranta da na horo, a nuna wa dangi masu hali, domin mutane sun fi sakin hannu idan sun ga adadi. Ɗan'uwa ɗaya ya ɗauki abu ɗaya ya riƙa biya kai tsaye. A yi rajista da hukumar inshorar lafiya ta jiha, KADCHMA, a tambayi abin da take biya da wanda ba ta biya. Idan gidan yana cikin waɗanda zakka ta halatta gare su, babu abin kunya a sanar da masu fitarwa. Ƙungiyar iyaye za ta iya yin adashi, kuma sana'ar cikin gida da ba ta bukatar fita tana ba uwa kuɗin hannu da kuma abin da take yi wanda ba raino ba.

Dokar hana wariya ga masu bukata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su 'yancin ilimi kyauta har zuwa sakandare, ta ce a ba su fifiko a kan layi, ta kuma tanadi tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna musu wariya, da Naira miliyan 1 ga kamfani ko ma'aikata. Jihar Kaduna ma ta yi tata dokar a 2021, wadda ta kafa hukumar kula da al'amuransu. Aiwatarwa tana tafiyar hawainiya, amma wasiƙar da iyaye goma suka sa wa hannu, da kwafin rahoton likita a jiki, ta fi koken mace ɗaya nauyi a kowane ofis. Wajen neman makaranta, a je da yaron da rahoton, a faɗi gaskiyar halinsa tun farko, a nemi a fara da awa ɗaya ko biyu a rana, a kuma tambaya ƙarara ko ana duka. Malama mai haƙuri a ƙaramin aji ta fi ginin bene mai tsada.

Mataki na bakwai: lafiyar uwar kanta

Wani ya ɗauki nauyin lura da ita, ƙanwarta ko aminiyarta. Idan ta shafe mako biyu ko fiye tana kuka ba dalili, ba ta cin abinci, barci ba ya zuwa ko da an karɓi yaron, ta daina kula da jikinta, ko tana cewa gara ta mutu ta huta, wannan ciwon damuwa ne, ana kuma maganinsa a asibiti. Kada a tsaya a kan “ki yi haƙuri” kawai, kada kuma a ce mata raunin imani ne. Idan ta ambaci cutar da kanta ko yaron, ba a barin ta ita kaɗai, a ranar ake kai ta ga likita. A riƙa auna mata hawan jini, a kuma tabbatar tana fita wani wuri da ba asibiti ba, ko da sau ɗaya a mako, makaranta ko gidansu ko kitso. Masu biki da suna su ci gaba da gayyatar ta, su ware mata ɗaki mai shiru nesa da lasifika, kuma kada su yi fushi idan ta tafi da wuri.

Duk bayan wata uku a sake zama da takardar nan ta rabon aiki, a ga wanda ya gaji a sauya shi, a ga abin da yaron ya koya a rage, a ƙara abin da ya taso. Tun yana wajen shekara tara ko goma a fara shirin balaga: uba ko wa ya karɓi wankan yaro namiji da koya masa tsarki, yarinya kuma a fara koya mata sa audugar mata da hotuna da maimaici kafin jinin ya zo. A wannan lokaci ne kuma ya kamata uwa da uba su zauna da manyan dangi a fayyace wanda zai riƙe shi idan ba sa nan, a rubuta abin da aka ware masa na dukiya da shaidu, a kuma nuna wa wannan mutum inda rahotannin asibiti da katunansa suke.